Talata: kilo biyu da safar aro

Ma'auni ya nuna 70.4 da asuba. Na sauka, na tuɓe riga, na sake hawa, kamar rigar ce za ta kwashe min kilo biyu. Ya ce 70.3. Saura kwana goma sha tara a yi awon gasar taekwondo, kuma dole in sauko kilo 68.

Ana idar da sallah na fita gudu, daga Unguwar Dosa na bi ta Ali Akilu har Murtala Square. Hunturu ya kankama, ƙura har cikin haƙora. Da na dawo Umma ta riga ta dama koko, ga ƙosai yana tururi. "Auta, ko guda biyu ka ci mana." Na ce a'a, ƙwai ɗaya da ruwan ɗumi sun isa. Ta ce ita ba ta taɓa ganin sana'ar da mutum zai riƙa horar da cikinsa da yunwa ba, kuma ba azumi ba. Na sha yi mata bayani. A gasar Olimfik rukuni huɗu kacal ake ba maza a taekwondo: 58, 68, 80, sai sama da 80. In na bar jikina yadda yake so, can wajen 72 zai zauna, ke nan sai in faɗa cikin 'yan 80, dogaye waɗanda ƙafarsu za ta taɓa kaina tun ban gama ɗaga tawa ba.

Abin da ya tsaya min a rai yau shi ne atisayen hantsi. Koci ya aro sulke mai na'ura da safarsa daga wani abokinsa da ya zo daga Abuja, kwana biyu kawai za su yi a hannunmu. Shekarata shida a wannan wasa, sai yau na taɓa zura ƙafata a irin safar nan. Siririya ce, yatsu a waje, an ɗinke 'yan maganaɗisu a bayan ƙafa da tafinta. Sai wurin ya haɗu da sulken, kuma da ƙarfin da aka saita, sannan maki ya hau allo. Shuri a jiki maki biyu, a kai uku, in da juyi aka yi a ƙara maka. Turmi uku ake yi, kowanne minti biyu, wanda ya ci biyu ya tafi da wasa.

To ni akwai wani shuri da nake taƙama da shi, na ƙafar dama, wanda in ya sauka a sulken roba duk zauren sai ya amsa. Na sake shi sau biyar. Allo bai ko motsa ba. Wani yaro da na girme wa da shekara huɗu ya zo yana ɗan tura ƙafar gaba a kaikaice, ba ƙara ba kwalliya, sai ga biyu, ga biyu, ga biyu. Kunya ta kama ni. Koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Alƙali yana jin ƙara, ita na'ura ba ta da kunne. Ƙaurinka kake bugawa, ba inda maganaɗisun yake ba." Wato shekara shida ina gyara shurin da zai burge ɗan kallo. Waɗanda zan haɗu da su kuwa kullum da wannan kaya suke atisaye.

Da azahar na kai takardar neman tallafi wani kamfani, zuwa na uku ke nan. Yau dai an bar ni na shiga. Mutumin ya juya takardar ya ce, "Wannan irin na finafinan Chana ne ko?" Na ce a'a ranka ya daɗe, daga Koriya yake, kuma tun 2000 ake ba da lambarsa a Olimfik. Na gaya masa Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a Beijin a 2008. Na ce nan maƙwabta, Abdoul Razak Alfaga na Nijar ya ɗauko azurfa a Rio a 2016, shekara na zagayowa ya zama zakaran duniya. Na ƙara da cewa lambobi biyu muka samo a Tokyo, ɗaya daga kokawa ta fito, hannun Blessing Oborududu. Ya saurara, ba laifi. Sannan ya ce, "Da ƙwallo ce, mun san inda za mu liƙa sunanmu. Ka leƙo bayan wata." Ni ma fa ina kallon ƙwallo, ba gaba nake da ita ba. Kuɗin mota da safa guda nake nema.

Bayan la'asar na tara yaran unguwa a filin bayan gidanmu kamar kullum. Yau sha ɗaya suka zo, uku mata. Kawu, wanda ya yi dambe a ƙuruciyarsa kafin ya zauna a teburin nama, ya jawo benci yana kallo. Ya ce, "Ku wannan damben naku, ga sulke, ga hula, ga roba a baki, to ina kisa?" Muka yi dariya. Da na ba shi labarin kamfanin sai ya daina wasa. "Ɗan nan, ka taɓa ganin ɗan dambe ya shiga fili ba makaɗi? Kafin ka kai naushi gari ya riga ya san sunanka. Kai wa ke maka kiɗa?" Ban amsa ba. Na dai ba yayata wayata mai fasasshen gilashi, ta ɗauki ƙaramar cikin yaran tana fasa katako da ƙafa. Na ɗora a Facebook, na rubuta ranaku da lokacin da muke haɗuwa. Kafin isha'i iyaye biyu sun tambayi ko ana biya.

Yanzu ƙarfe goma ta wuce. Safar na kan gadona, Koci ya yarda in kwana da ita. Na sa alli na zana wa kaina daidai inda maganaɗisun yake a ƙafata, don ko an mayar da ita jibi in san wurin. Umma ta ajiye min tuwo miyar kuka a bakin ƙofa, a rufe, ba ta ce komai ba. Loma uku na yi, na mayar da murfi.