Kula da injin zarton ado: ƙura da mai ba sa haɗa hanya

A shagonmu da ke Maradi, ƙaramin injin zarton ado shi ke fitar da furannin fuskar gadon amare, da haruffan allon shaguna, da kayan wasan yara. Zartonsa siriri ne kamar tsinke, tsawonsa milimita 130, yana hawa da sauka sau 400 zuwa 1,600 a minti. Masu sayen irinsa don aikin sha'awa a gida sukan kawo mana shi da kuka iri ɗaya: zarto na yawan tsinkewa, ko yana suɓucewa. Sau da yawa moter lafiyarsa lau. Matsalar tana wurin maƙalai biyu da ke riƙe zarton, na sama da na ƙasa.

Sabon zarto yana zuwa da ɗan maiƙo don kada ya yi tsatsa. In aka ɗaura shi haka, maiƙon zai shafi bakin sukurun da ke matse shi, bakin ya yi sulɓi, sai mutum ya yi ta ƙara murɗawa har ya cinye zaren sukurun. A goge ƙarshen zarton biyu da tsumma da ɗan alkol kafin a ɗaura. Bakin sukurun kuma a ciro shi, a ɗan gurza shi a kan samfefa mai laushi har sheƙin ya tafi. Haƙoran zarton su dubi ƙasa, in ba haka ba katako zai riƙa tsalle daga tebur.

Ɗaurin kuwa da kunne ake gane shi. A taɓa zarton kamar tsirkiyar gurmi: in ya ba da siririyar murya ya yi, in ya yi gwaf-gwaf da saura. In an tura shi da yatsa kada ya kauce fiye da milimita 3. Sako-sakon zarto ya fi mai tauri saurin karyewa, abin da yaran shago ke daɗewa ba su yarda da shi ba. An tashi aiki, a sassauta shi.

Sai batun mai, inda aka fi ɓarna. Gaɓoɓin da hannuwan injin ke lilo a kansu ɗigo biyu ko uku na man inji mara kauri suke so, bayan kamar awa 50 na aiki, a kuma goge abin da ya tsiyayo. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina, in ta sami mai ya yi yawa sai ta haɗu da garin katako ta zama tamkar samfefa, ta cinye gaɓar, hannu ya fara girgiza gefe da gefe. Baƙin man da aka juye daga babur bai da wuri a nan ko kaɗan. Tebur ma ba a shafa masa mai, don zai ɓata katako ya hana fenti kamawa. Kakin zuma kaɗan, a murje da busasshen tsumma, ya isa har damina.

Ɗan zugazugin roba da ke hure gari daga kan layin zane zafin bazara na tsattsaga shi. In iska ta rage, shi za a fara dubawa. Moter mai gawayi, wato 'yan guntaye biyu da ke kai wuta cikinsa waɗanda masu gyara ke kira sharbon, a duba su in moter ya fara tartsatsi ko ƙarfi ya ragu. In sun cinye sun koma kamar milimita 6 a canza duka biyun tare.

Wutarmu 220 ce. Injin da aka yi don Amurka na 120 ne, a karanta farantin da ke jikinsa kafin a jona, in ya kama a haɗa shi da taransifoma. Inji mai maɓallin sauya gudu kuma, allon lantarkinsa ba ya jure dawowar wuta da ƙarfi, don haka da an ɗauke a zare filogi, kada a tsaya ga kashe maɓalli.