Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Kan Tafiyar Ƙanwarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin iyalan gidanmu da ke Unguwar Rimi, Kaduna, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa ƙanwarmu ta sauka lafiya a ƙasar Amurka, kuma tuni ta karɓi jinyar mahaifiyarmu, wadda ake yi wa wankin ƙoda sau uku a mako. Alhamdu lillahi.

Hajiya, wato mahaifiyar tamu, ta daɗe da zama 'yar ƙasa a can, kuma shekaru da dama ke nan da ta cike wa ƙanwarmu fom ɗin I-130, wanda ake nema wa dangi bizar zama a Amurka da shi. Sai dai ɗa ko 'ya da ta haura shekara 21 dole ta bi layi, kuma roƙon a gaggauta ba da biza ba ya tsallakar da kowa wannan layi. Abin da yake yi shi ne matso da ranar ganawa da jami'in biza idan layin ya riga ya iso kan mutum. Allah cikin ikonsa, nata ya iso daidai lokacin da jikin Hajiya ya tsananta.

Godiyarmu ta farko ga likitan Hajiya ce, wanda ya rubuta wasiƙa mai ɗauke da hatimin asibiti, ya fayyace ciwon dalla-dalla, ya kuma bayyana cewa ba ta iya tashi daga kujera bayan wanki sai an riƙe ta. Da wannan wasiƙa aka roƙi NVC, cibiyar biza ta Amurka, da ta gaggauta, kuma a ganina ita ce ta yi rabin aikin. Muna kuma gode wa ɗan uwanmu da ya sa hannu a fom ɗin I-864 ya ɗauki nauyin ƙanwarmu, tunda Hajiya ta ajiye aiki. Wannan alkawari ne da doka za ta iya kama mutum da shi, amma bai yi ko gezau ba.

Kawu, Allah ya saka muku da alheri. Da yake a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas ake ganawar bizar zama, ba a Abuja ba, ku kuka sauke ta a gidanku na Agege, kuka raka ta gwajin lafiya tun da asuba.

Akwai kuma gidan da suka zo neman aurenta, waɗanda suka cancanci godiya ta musamman. Da an ɗaura auren kafin ta tafi, da ta faɗa rukunin 'ya'ya masu aure, wanda jiransa ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Da aka yi musu bayani, dattijon gidan cewa ya yi jinyar uwa ita ce gaba, su za su jira.

Ga limaminmu da jama'ar masallaci, mun ga tasirin addu'o'inku, kuma muna roƙon ku ci gaba, domin likitoci sun fara maganar dashen ƙoda. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya bar zumunci.