Yadda macro ya rage min wahalar gyaran silaid a PowerPoint

Sana'ata taifin da gyaran takardu ce a shago, kuma cikin aikin da ake kawo min babu mai cin rai kamar silaid ɗin bita da aka rubuta da Hausa, irin na wayar da kai kan riga-kafi ko harkar noma. Mutum zai turo maka fayil duk inda ya kamata a ga ƙ ya rubuta k', ɗ ya zama d', ɓ ya zama b', font kuma kowane shafi da nasa saboda mutum uku ne suka haɗa, ga jan layin nan ƙarƙashin kowace kalma don kwamfuta ta ɗauka Turanci ne aka rubuta ba daidai ba. Sai ya ce maka "oga ɗan gyara ne kawai, zuwa la'asar zan dawo".

Don rage wannan wahalar na koma ga macro, wato jerin umarni da kake ajiyewa kwamfuta ta riƙa yi maka aikin da kake maimaitawa. Da farko na nemi maɓallin rikodin ɗin macro irin na Excel da Word, inda za ka danna ka yi aikinka shi kuma yana haddacewa. Ashe babu, tun PowerPoint 2007 Microsoft suka cire shi, dole ka rubuta da hannunka da VBA, yaren da ake rubuta macro da shi a Office. Ka danna Alt da F11 wajen rubutun ya buɗe, Alt da F8 kuma ya nuna maka macro ɗin da kake da su ka zaɓi wanda za ka kunna. Ranar farko abin ya ban tsoro gaskiya, amma da na zauna sai na ga kusan duk aikina abu ɗaya ne, ka ce masa ya bi silaid ɗaya bayan ɗaya, a kowane silaid ya bi akwatunan da ke ciki, in akwai rubutu ya yi kaza. For Each, umarnin bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya, guda biyu kenan, ɗaya cikin ɗaya. Wannan "kaza" ɗin ne kawai ke canzawa.

Na haruffa masu ƙugiya shi ya fi ba ni aiki. Wajen rubuta VBA bai san ƙ ba sam, in ka manna ta sai ta koma alamar tambaya, sai dai ka kira ta da lambarta: ChrW(409) ita ce ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ, manyan kuma 408 da 394 da 385. Sannan PowerPoint na da halin lanƙwasa alamar ' yayin da mutum ke taifin, to dole macro ya nemi iri biyun, miƙaƙƙiyar da lanƙwasasshiyar mai lamba 8217, in ba haka ba rabin kalmomin za su tsallake. Kuma umarnin Replace guda ɗaya yake canzawa ya tsaya, sai ka sa shi ya yi ta maimaitawa har ya rasa abin canzawa. Duk da haka macro ba ya tunani fa. Wani kwastoma ya rubuta 'Facebook' cikin alamar zance, da aka kunna sai ga Facebooƙ ɓaro-ɓaro a kan taken shafi. Shi ya sa kwafi nake yi wa aiki ba asalin fayil ba, kuma ina bin silaid ɗin da ido kafin ya bar shago. Rubutun cikin tebur da akwatunan da aka ɗaure wuri guda ma tsallake su yake yi sai ka rubuta musu nasu layin daban.

Jan layin kuwa layi ɗaya ya kashe shi, na sa LanguageID, wato yaren da aka sa wa kowane rubutu, ya koma msoLanguageIDNoProofing, wato kar a duba kuskuren rubutu, shi kenan.

Ba komai ne ke buƙatar macro ba sha. Sa tambari a kowane shafi aikin Slide Master ne, shafin da sauran silaid ke ɗaukar tsarinsu daga gare shi, canza font gaba ɗaya akwai Replace Fonts a cikin PowerPoint ɗin. Ina ganin samari suna kwaso kod daga intanet don abin da danna biyu zai yi, ni dai sai aikin ya dawo min sau da yawa kuma babu maɓallinsa nake rubuta masa macro.

Wajen ajiya, fayil mai macro sai an ajiye shi a nau'in fayil na pptm, in ka ajiye a pptx da aka saba macro ɗin ya tafi. Ba na tura wa kwastoma pptm, don tun 2022 Office ke toshe macro a fayil ɗin da ya zo ta intanet, a waya ma ba ya aiki, ga mutane na tsoron bairos kuma suna da gaskiya. Fayil ɗaya na ware na zuba duk macro ɗina a ciki, in buɗe shi a gefe, in buɗe na kwastoma in kunna daga can, nasa ya koma masa a pptx yadda ya kawo.