Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Unguwa Uku, sawu uku

Ranar da dillali ya miƙo min mukullin sabon gida a Unguwa Uku, na ce wa uwargida tashin nan ba wani aiki ba ne. Duka unguwannin a cikin Kano suke. Daga inda muke haya a Gyaɗi-Gyaɗi, in ka hau Adaidaita Sahu ka bi titin Zariya, minti goma ta kai ka. Ta dube ni ta ce, "Malam, ganin Dala ba shiga birni ba ne." Na yi dariya kawai na fita neman mota.

Wannan a watan Agustan 2023 ne, wata uku bayan cire tallafin man fetur, lita ta haura naira 600, kowane direba kuma da maganar mai yake buɗe baki. Na samu wani mai a-kori-kura a bakin titi, ya ce 12,000. Na taya 6,000, ya ce albarka. Muka yi ta ja har ya sallama a 8,000. Na koma gida ina jin na yi ciniki. Ban tambaye shi kuɗin na mene ne ba. Ni a raina na kwashe gida ne gaba ɗaya, shi kuwa a wurinsa na sawu ɗaya ne. Ban kuma kai shi ya ga kayan ba, da baki na lissafa masa: gado, kujeru, firij, "da 'yan tarkace". Duk wanda ya yi shekara shida a gida ɗaya da mata da yara biyu ya san abin da ke cikin 'yan tarkacen nan.

Na sa ranar Asabar saboda ba aiki, na manta ita ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli a Kano, ba a zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe. Sanyin safiyar da na yi niyyar mora ya tafi a banza. Motar ba ta iso ba sai wajen sha ɗaya.

Direban ya leƙa falo, ya leƙa ɗaki, ya fito yana girgiza kai. "Yallaɓai, wannan ai sawu uku ne." Na ce ba haka muka yi ba. Ya ce, "To me muka yi?" Na rasa amsa, domin gaskiya ba mu yi komai ba. Na so ya danna lodi a yi biyu, ya ce in ya tula kaya suka wuce ƙa'ida 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar motoci suka tare shi, wa zai biya tara? Hujjarsa ta fi tawa. Da ƙyar ya rage min 2,000 a jimla.

Sai maganar masu ɗauka. Shi tuƙi ne nasa, yaron motarsa kuma shirya kaya da ɗaure igiya. Fito da kaya daga ɗaki aikin 'yan dako ne, kuɗinsu daban. Ya kira samari uku da yake aiki da su, muka yi 2,000 kowane. A nan ma na bar ƙofa a buɗe, don ban gaya musu sabon gidan a saman bene yake ba, kuma lungunsa mota ba ta shiga saboda kwatar da ta ci rabin hanya. Da muka isa da sawun farko suka ga za su yi taku kusan hamsin da kaya a ka, sannan su hau matakala mai lanƙwasa, sai babbansu ya zauna a kan buhun shinkafa ya ce sai an sake ciniki. Na ji haushi a lokacin. Da na ga yadda suka hau da firij, biyu a ƙasa ɗaya a sama, jijiyoyin wuya a tashe, na ji kunyar kuɗin da na fara taya musu. Na ƙara wa kowa 1,500, na sayo musu abinci da ruwan leda.

Abin da na gane a ranar shi ne, tafiyar titin ita ce mafi ƙanƙanta a aikin. Minti goma muke yi a hanya, amma lodi da saukewa na kowane sawu sai ya ci awa ɗaya da rabi. Da Zariya za mu koma, da na nemi babbar mota, na ɗaure komai tun jajibiri. Kusancin ne ya sa na yi sakaci, ina cewa abin da ya rage a dawo a ɗauka.

Gado da sif sun ba mu wahalar da bai kamata ba. Ban kira kafinta ba, ina ganin da sifana da sukurudireba zan iya. Gadon ya kwance lafiya. Sif ɗin kuwa irin na katakon zamani ne da ake matse garin katako a yi, in ka cire noti da ƙarfi sai ramin ya zube. Ƙofa ɗaya har yau ba ta rufuwa daidai. Madubin uwargida kuma mun jingina shi tsirara a jikin kujera, igiya ta matse shi, ya tsage daga sama har ƙasa. Laifin nawa ne, yaron mota ya ce a naɗe shi a bargo a sa tsakanin katifu, na ce ai nan kusa ne. Madubin cikin kayan ɗakinta yake, wanda iyayenta suka yi mata. Kwana biyu gaisuwa ce kaɗai tsakaninmu.

Ita dai ta fi ni shiri nesa ba kusa ba. Tun ranar Alhamis ta kwashe takardun makaranta, 'yan kunnayenta na gwal, da kayan sawarta a Adaidaita, ta ce maza ba za su ɗaukar mata waɗannan ba. Kwanuka da kuloli ta naɗe su a tsofaffin zannuwa ta jera a cikin manyan robobi, ko ɗaya bai fashe ba. Ita ce kuma ta ce ƙanena ya zauna a sabon gida yana ƙirga abin da aka shigo da shi, ni in tsaya a tsohon. Ba don zargin kowa ba, amma ranar tashi ƙofa a buɗe take wuni, kuma ba kowa ne mai shigowa ɗan dako ba.

Direban ma ya koya min wani abu. Ya hana a kwantar da firij, ya ɗaure shi a tsaye, ya ce in mun isa kada a jona shi sai ya yi 'yan awanni, don man injinsa ya koma mazauninsa. Tukunyar gas ya sa aka cire mata tiyo aka tsayar da ita a lungun mota, janareta kuma aka juye man da ke ciki kafin a ɗora.

Muna lodin sawu na uku bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas, irin na Agusta. Motar ba tamfol, ni ma ban tambaya ba. Wani maƙwabci ya ara mana ledar da yake rufe buhunan siminti, muka lulluɓe katifu, kujera ɗaya ta sha ruwa. Ana kiran magariba aka shigo da kaya na ƙarshe. Na zauna a kan matakala na lissafa: mota 22,000, 'yan dako 10,500, ban da abinci da na goron yaron mota. Na fito da safe da 15,000 a aljihu ina ganin har da canji.

Da muka zo haɗa gado aka nemi ledar notina aka rasa. Na tabbata a aljihuna na sa, uwargida ta ce ta ga na ajiye a kan taga. A ƙasa muka shimfiɗa katifa daren nan da na bayansa. Ran Talata tana buɗe babbar kula za ta zuba tuwo, sai ga ledar a ciki.