Kachala, dam da ruwan sama: aikin da nake yi a kan kogin Haɗeja

Jama'a barkanmu da war haka. Tunda na fara digirin digirgir ɗin nan kusan duk wanda muka zauna da shi na ce masa a kan kogin Haɗeja nake bincike, amsa ɗaya ce, "ai sauyin yanayi ne". Ambaliya ta ci gari, sauyin yanayi. Kogi ya ƙafe, sauyin yanayi. Kifi ya yi wuya, shi ne dai. Ni ban musa ba, yanayi kam ya sauya, amma aikin nawa gaba ɗaya shi ne in raba, nawa ne laifin sama, nawa ne na tsiron da ke ƙasa, nawa ne kuma na hannunmu. Don in muka ɗora komai a kan sama to mun wanke kanmu kenan, mun bar wa mutanen Guri da Kiri Kasamma da Nguru wahalar.

Ga yadda ruwan yake tafiya. Kogin Kano da na Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ya zama kogin Haɗeja. Jama'are kuma daga tsaunukan Jos yake gangarowa ta Bauci. Su biyun suna bazuwa a fadamun Haɗeja da Nguru, abin da ya tsira ya taru wajen Gashuwa ya zama kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta wajen Diffa inda masu noman tattasai suke jiransa, ya faɗa Tafkin Cadi. A can sama ƙasar dutse ce a ƙarƙashi, ruwa gudu yake, amma da ya sauko ƙasar yashi sai ya fara nutsewa yana cika rijiyoyin mutane. Wato ruwan da ka ga ya "ɓace" a fadama ba duka ne ya ɓace ba, wani ɓangarensa shi ake ɗebowa da guga da rani.

To a kan wannan hanyar aka gina dam ɗin Tiga, aka gama a 1974, daidai lokacin da ake fitowa daga farin 1972 da 1973. Aka zo aka sake shan wani farin a 1983 da 1984. Sai dam ɗin Calawa a 1992. Ka ga matsalar mai bincike ke nan, fari da dam tare suka iso, in ka kalli layin ruwan kogi ya yi ƙasa a takarda dole ka zauna ka tsefe wanne ya ja shi.

Abin da ya fara juya min tunani ba a Najeriya ma aka gano shi ba. A Burkina Faso da yammacin Nijar masu bincike sun lura cewa a shekarun farin, ruwan sama ya ragu amma ruwan da ke gudu a rafuka ƙaruwa ya yi. Da farko abin kamar ba zai yiwu ba. Dalilin shi ne an sare daji an yi gonaki, fari ya kashe sauran, ƙasa ta tsaya tsirara rana na dukanta ruwa na dukanta har ta yi ɓawo ta zama fako. Fako kuwa kamar rufin kwano yake, ruwa na sauka yana zubewa, ba ya tsayawa ya shiga. Na gwada da hannuna a wata gona, na zuba ruwa a gindin gawo inda ganye ya ruɓe ƙasar ta yi baƙi, nan take ta shanye, na matsa 'yan taku kaɗan kan fako na zuba irinsa, ruwan ya tsaya yana ƙyalli sannan ya kama gangara yana jan jar ƙasa. Mai gonar yana tsaye ya ce "ai ɗan nan, nan wurin ko tsinke ba ya fitarwa tun zamanin babana". A kewayen Yamai har ruwan ƙarƙashin ƙasa tasowa ya yi, wajen mita 4 daga shekarun 1960 zuwa 2007, saboda ruwan da ya gudu daga tudu taruwa yake a tafkuna ya nutse ta can. Kuma jan ruwan nan na damina da rafukan Sirba da Dargol da Gorouol suke zubawa kogin Kwara shi ne yake ta cin unguwannin Yamai, a 2012 da 2020 an ga abin da ya yi.

Sannan shi kansa ruwan saman ya canza hali. Ya dawo tun shekarun 1990, amma ba irin na da ba. Wani bincike da aka fitar a 2017 da hotunan tauraron ɗan Adam ya nuna manyan hadari masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. Kowane manomi zai gaya maka haka ba sai da satalayit ba, a yi kwana da kwanaki ba ɗigo, shuka ta fara lanƙwasa, sai dare ɗaya a sako ruwan wata guda. Irin wannan ruwan in ya sauka a kan fako ina zai je in ba gari ba? Mutanen Jigawa sun gani a 2020, sun sake gani a 2022.

Amma inda na fi daɗewa, kuma inda zuciyata take, shi ne maganar kachala. Ina aiki da hotunan tauraron ɗan Adam na Landsat, waɗanda aka fara ɗauka tun 1972, da na MODIS daga 2000, kwamfuta tana auna min koren ganye a kowane wuri shekara bayan shekara. In ka jera hotunan fadamun Haɗeja da Nguru za ka ga kore yana ƙaruwa, har da tsakiyar rani wurin shar yake. Wanda ke zaune a ofis a Turai zai iya rubuta cewa Sahel tana farfaɗowa. Je ka wurin ka gani. Koren nan da yawansa kachala ce, ciyawar da ta fi tsayin mutum, ta cushe hanyar ruwa ta cinye gonakin shinkafa ta hana kwale-kwale wucewa. Na ga magidanta cikin ruwa har ƙirji suna saran ta da adda da lauje, aikin gayya, su buɗe hanya yau, kafin a jima ta sake rufewa don saiwarta tana can ƙasa cikin laka. Kuma a cikinta tsuntsun nan jan baki yake kwana, da asuba ya tashi ya rufe gona, yara suna ta kaɗa gwangwani suna ihu tun safe har yamma maimakon makaranta. Wallahi duk sanda na ga wannan sai na ji nauyin aikin ya ƙaru a kaina.

Me ya kawo ta haka? Da can kogin Haɗeja yana da lokaci, ya cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye ƙasa ta bushe ta tsage, Fulani su shigo da shanu, a yi noman bayan ruwa, kachala ba ta samun wurin zama. Da aka yi dam sai babbar ambaliyar ta ragu, a maimakonta ana sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani na Kadawa da kwarin Haɗeja da ruwan shan Kano. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga ragowar takin zamani yana biyo shi, abin da kachala take so kenan. Ta toshe tsohon kogin, laka ta taru, ruwan ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru, sai ka ga wani gari ruwa ya yi masa yawa har ya ci gidaje, wani garin a ƙasa yana kukan babu. Yanzu yawancin ruwan da ke isa Gashuwa na Jama'are ne, wanda babu babban dam a kansa, shi ya sa duk sanda aka ta da maganar gina dam ɗin Kafin Zaki a kansa hankalin mutanen Yobe da Barno yake tashi, kuma ni ina ganin suna da gaskiya.

Ba kowane kore ne kachala ba fa. A Maraɗi da Damagaram manoma sun bar kututture suna tohowa a gonaki, ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200, gawo ne da yawa, shi da yake zubar da ganye da damina ba ya yi wa gero inuwa. Wannan koren yana riƙe ruwa a tudu. A hoto kuwa launinsu ɗaya da kachala, sai ka taka da ƙafarka ka bambance.

Babban ciwon kaina bayanai ne. Manhajar SWAT da nake amfani da ita wajen lissafin tafiyar ruwa tana buƙatar awon kogi na kullum na shekaru masu yawa, sai ka je neman littafin awo ka tarar shekaru sun ɓace a tsakiya, sandar awon kuma ruwa ya tafi da ita ba a mayar ba, dattijon da yake karanta ta ya rasu ba a ɗauki wani ba. Na ruwan sama ina cike giɓin da bayanan CHIRPS, wato ƙiyasin ruwan sama daga tauraron ɗan Adam da tashoshin awo, da suka fara daga 1981, na kogi kuwa sai in zauna da masunta in tambaye su, "Baba a shekarar kaza ina ruwa ya tsaya?" su nuna min jikin giginya ko bangon masallaci, in auna in rubuta.

Babin da nake kai yanzu shi ne gwada wa kwamfuta in aka canza yadda ake sakin ruwan Tiga da Calawa, a saki da yawa a ƙarshen damina ya yi kama da ambaliyar da, sannan a rage sosai na wani lokaci da rani har fadama ta bushe. Masu noman rani na sama ba za su ji daɗinsa ba, kuma su ma iyali suke ciyarwa, shi ya sa nake son lissafin ya fito fili, hekta nawa za a rasa a Kadawa, nawa za a dawo da su a Guri da Nguru. In akwai wanda kakansa ko babansa ya taɓa aikin karanta sandar awon ruwa a Wudil ko Haɗeja ko Gashuwa, kuma tsohon littafin yana nan a gida, don Allah a yi min magana, ko hotonsa a waya ya wadatar.