Darussan da muka koya a kan ƙonewar ganyen sabon dashe

Masu gandun renon itatuwa a Bauchi da Gombe sun saba da wannan ƙorafi: an sayi dashen bishiyar fayin ko kasurina, an dasa a ƙofar gida, bayan 'yan makonni siraran ganyen nan masu kama da allura sun fara komawa ja. Nan take mai gida zai ƙara ruwa, ya watsa takin yuriya. Sau da yawa wannan gaggawar ce ke ƙarasa bishiyar.

Darasi na farko shi ne a duba inda ƙonewar ta faro. Idan tsofaffin ganyen ciki ne kusa da gindi suka yi ja, amma kan rassan na nan kore, to wahalar dashe ce kawai, domin saiwar ta ragu ba ta iya ciyar da ganyen duka. A bar ta ta huta. Idan kuwa daga bakin ganye ta fara, musamman gefen da iskar hunturu ke bugowa, ƙishirwa ce ko zafin taki. Wadda ta fi muni ita ce bishiyar da ta dushe gaba ɗaya, daga sama har ƙasa. Matsalar tana cikin ƙasa.

Kafin a ɗauko bokiti, a tona gefen gindin kamar santimita 10 a damƙi ƙasar. In ta wargaje a hannu, ana bukatar ruwa. In ta manne tana wari, ruwan ya yi yawa ke nan. Wannan ya fi faruwa a laka, inda ramin ke riƙe ruwa kamar tukunya, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Abin ruɗarwa, ganyen bishiyar da ruwa ya shaƙe da na wadda ta rasa ruwa iri ɗaya suke ƙonewa. Lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙarfi, ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce, tana saɓulewa tsakanin yatsu.

A wannan tonon ne ake gano sauran kurakuran: ledar da aka binne ba a cire ba, saiwar da ta naɗe a cikinta, ko gindin da aka nutsar ƙasa da inda yake a leda. Sai kuma gara, wadda a wajenmu ta fi kowace cuta ɓarna da rani. Tana cinye saiwa da ɓawo ta ƙarƙashi, ta bar taɓo a jikin gindi. Shi ya sa ciyawar da ake rufe gindi da ita kada ta taɓa jikin bishiyar, a bar tazarar tafin hannu.

Fayin yana da nasa sharaɗi. Saiwarsa na dogara da wani naman gwari da ke taimaka mata jan abinci, don haka masu renonsa ke haɗa ƙasar leda da wadda aka ɗebo daga ƙarƙashin tsohon fayin. Kuma ya fi jin daɗin sanyin Jos fiye da zafin bazarar Gombe, inda ake kai digiri 40. Kasurina ta fi jurewa nan.

Don a gane ko reshe ya mutu, a kankare ɓawonsa da farce. Kore mai danshi, da sauran rai. Busasshe, a yanke shi. Ganyen da ya riga ya ƙone ba ya komawa kore, sabon toho ake jira. A ƙasa mai yashi, lita 10 zuwa 20 duk bayan kwana biyu ko uku da rani ya isa ƙaramin dashe, a zuba da yamma a hankali. Takin zamani sai sabon toho ya fito. Dashe kuma a yi shi a Yuni ko Yuli, bayan damina ta zauna.