Kafin ka ɗora fenti a kan dodon roba

Ƙannena masu sha'awar tara dodannin roba da yi musu sabuwar kwalliya, a duk kurakuran da na tafka a wannan harka babu wanda ya ci kuɗina kamar ɗora fenti a kan robar da ban san irinta ba. Hannunka yana iya yin kyau, launi ya fito yadda kake so, amma muddin fentin bai dace da jikin ba, aikin ya lalace tun kafin ya bushe, in ma zai bushe ɗin. Don haka da robar zan fara.

Iri biyu ce za ka fi cin karo da ita. Akwai mai laushi, wadda Japanawa ke kira sofubi. PVC ce da aka cuɗa da wani mai da ke sa ta lanƙwasa ba tare da ta karye ba. Bari mu kira shi man laushi. Ana zuba ta tana ruwa-ruwa a cikin mazubin ƙarfe, a ɗumama shi, a tsiyaye rarar, abin da ya manne a jikin mazubin shi ne zai zama fatar dodon. Shi ya sa cikinsa fanko ne. Kamfanin Marusan ne ya yi fice da wannan sana'a a 1966 da dodannin shirye-shiryen talabijin na Japan, Bullmark ya ɗora daga 1969, kuma har gobe ƙananan masu sana'a a can da hannu suke zubi. Dunny da Munny na kamfanin Kidrobot ma PVC ne, sai dai sun ɗan fi ƙarfi. Ɗaya irin ita ce mai tauri, ABS, wadda ake yin yawancin Be@rbrick na Medicom Toy da ita tun fitowarsa a 2001. Matsa da babban yatsa: in ta ɗan lotsa ta dawo, mai laushi ce. Ƙwanƙwasa da farce: in ta yi ƙara ƙwas-ƙwas kamar jikin rimot, mai tauri ce. A kula, ƙananan da ke zuwa cikin rufaffen kwali, wanda ba ka sanin wanne ne a ciki sai ka buɗe, sukan haɗa biyun, kai daban, jiki ko kayan hannu daban.

Man laushin nan ba ya zama wuri ɗaya. Kullum yana tasowa zuwa saman fata a hankali, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Rabin matsalolin da zan ambata daga nan suke.

Na farko shi ne fentin mai da fentin feshi na gwangwani, irin wanda ake fesa wa ƙofa ko babur. Na fesa shi a kan roba mai laushi, rana ta farko ya yi sheƙi gwanin sha'awa, bayan mako guda kuwa yatsa na mannewa, ƙura da gashi duk sun kama jiki. Sinadarin fentin yana jawo man laushi sama, su cakuɗe, fentin ya kasa ƙamewa har abada. Shanya a rana ba ta gyara shi, ɗora banish, wato shafin kariya na ƙarshe, a kai ma ba ya gyarawa, sai dai a kankare duka a koma farko. Rigakafinsa mai arha ne: duk abin da za ka shafa, fenti ne ko faraima (shafin share fage kafin fenti) ko banish ko gam, ɗiga kaɗan a ƙarƙashin tafin ƙafar dodon, ka bar shi kwana bakwai, sannan ka danna da yatsa. Kwana ɗaya bai isa ba, domin danƙon yakan makara kafin ya bayyana.

Kafin fenti akwai kwancewa da wanki. Kai da hannuwa a cuse suke cikin ramukansu, ba gam ba ƙusa. Kada ka fizge su da sanyi, bakin ramin zai tsage. Sa handiraya daga nisan kamar santimita 15 na daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya, ko ka tsoma wurin cikin ruwan zafi mai kimanin digiri 60 zuwa 70, wanda bai tafasa ba. Robar za ta yi laushi kamar fatar da aka jiƙa, sai ka murɗa ka zare. Wajen mayarwa, gefen ramin kaɗai ake ɗumamawa, a bar abin da za a cusa da sanyinsa da taurinsa. In ka ɗumama duka biyu sai su riƙa lanƙwashewa, su ƙi shiga. Bayan haka wanke kowane ɓangare da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon burushin haƙori, saboda sabon dodo yana zuwa da maiƙon mazubi wanda ido ba ya gani, kuma fenti ba ya kama shi. Kife ɓangarorin su tsane kwana ɗaya ko biyu. Ruwan da ya maƙale a cikin fanko yakan biyo gaɓa ya zubo kan sabon fenti. Daga nan kuma sai da safar hannu, don gumin yatsa ma maiƙo ne.

In dodon yana da fentin masana'anta kana son cire shi, asitom yana yi, wato sinadarin da ke cikin yawancin abin goge jan farce. Amma da auduga ake shafawa, a goge da sauri, a ɗauraye. Na taɓa jiƙa kai guda a ciki don in huta da gurza. Ya kumbura ya yi lakwas, da ya bushe kuma ya ƙanƙance ya yi tauri, bai sake shiga wuyansa daidai ba, domin asitom ya tsotse masa man laushi. A kan ABS kuwa kada ma ka kusanto da shi, narkar da ita yake yi nan take. Mai koyo ya huta da wannan duka ta hanyar sayen farin da ba a yi wa fenti ba. Munny, wanda ya fito a 2005, don haka aka yi shi, akwai na kimanin santimita 10 da na 18.

Fentin da aka yi wa roba mai laushi takanas, irin su V-Color na Japan da Monster Kolor, yana ɗan narkar da saman fatar ya shige ciki, ya zama jiki ɗaya da ita. Ko ka lanƙwasa hannun dodon ba ya ɓarewa, ba ya kuma buƙatar faraima. Da ƙaramar bindigar feshi ake amfani da shi, mai baki kamar milimita 0.3, a tsinka shi da tinarsa ta kansa, awo ɗaya na fenti da awo ɗaya zuwa biyu na tina. In ka ga yana fita zare-zare kamar saƙar gizo-gizo, ya yi kauri, ƙara tina. In jikin ya fito da gautsi kamar yashi, fentin yana bushewa ne a iska kafin ya isa. Matso kusa, ka rage iska. Wannan yakan faru sosai a busasshen yanayi irin na hunturu. Warinsa kuma ba abin wasa ba ne. Takunkumin ƙyalle ko na asibiti ba ya tare shi, sai mai gwangwanayen tace tururin sinadari, a buɗaɗɗen wuri, nesa da wuta da yara. Ina roƙonku da wannan musamman: ciwon kai da jiri bayan feshi alama ce cewa kun shaƙa, ku tsaya. Kada kuma a sa shi a kan ABS, yana cinye ta. Da yake abu ne mai kama wuta, aiko shi ta jirgin sama yana da wuya, don haka da yawanmu akirilik muke komawa.

Akirilik na ruwa, kamar Vallejo ko Liquitex, ba ya faɗa da man laushi, amma a saman fata yake zama, saboda haka sai an yi masa wurin kamawa. Goga jikin sama-sama da samfefa mai lamba 600 har sheƙin ya dushe, a sake wankewa, a shafa faraima ta akirilik siririya. Tsinka fentin da ruwa har ya yi kaurin madara. Shafi uku ko huɗu marasa kauri, da tazarar minti 20 zuwa 30, sun fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai toshe ɓawon jikin dodon da layukan haƙoransa, ya kuma bar sawun burushi. Shafin farko zai fito da dabbare-dabbare har ranka ya ɓaci. Haka yake, kada ka koma kansa yana ɗanye, za ka ɗago shi ne. Fara da launi mai haske, baƙi ya zo ƙarshe. Inda gaɓa ke juyawa kuma bar shi ba fenti, in ba haka ba murɗawar farko za ta kankare shi. Bayan an gama, a jira kwana biyu kafin banish. In na feshi ne irin Mr. Super Clear, daga nisan santimita 20 zuwa 25, sama-sama, kuma ba ranar da hadari ya haɗo ko aka kwana ana ruwa ba: laima tana shiga cikinsa ya bushe fari-fari kamar an barbaɗa gari.

Maka, wato alƙalami mai tawadar da ba ta gogewa, ita ma ta cuce ni. Na zana layi da ita kafin fenti, bayan 'yan makonni tawadar ta nutse cikin robar ta bazu, ta koma shuɗi-shuɗi mai ja, ta kuma ɓullo ta cikin farin fentin da na rufe ta da shi. Fensir ake zane da shi, ko alƙalamin fenti irin Posca.

Masu son ƙara ƙaho, haure ko jela sukan fara da yumɓun roba irin Super Sculpey. Shi sai an gasa shi a digiri 130, minti 15 ga kowane kaurin milimita 6, kuma a wannan zafin dodon zai saki jiki, ƙafafu su baje, iskar da ke cikin rufaffen kai ta kumbura shi. Abin da ya fi aminci shi ne ƙullin ifoksi mai kashi biyu, kamar Apoxie Sculpt ko Milliput, wanda ke ƙamewa da kansa. Ɗebi daidai wa daida, ka murza minti biyu har launinsa ya zama ɗaya; in da sauran zane-zane a ciki, wurin ba zai taɓa ƙamewa ba. Kwaɓa kaɗan-kaɗan, domin zafin ɗaki yana rage lokacin aikinsa. Jiƙa yatsa da ruwa ka sulɓe shi, bayan awa 24 a goga da samfefa. Duk abin da ya yi tsini ya wuce santimita 2 yana buƙatar ƙashi: huda ramin milimita 1, ka cusa waya, ka ɗiga sufa gulu, ka gina a kanta. Ƙahon da aka liƙa kawai a kan fata mai lanƙwasa, faɗuwa ɗaya ya ɓalle. Ka kuma tuna ifoksi yana da nauyi, dodon kuma fanko ne; in kai ya yi nauyi, sai an cusa wani ƙullin a cikin ƙafafu don ya tsaya.

Game da saye, kada ka koyi fenti a kan abin da aka buga kaɗan. Masu tarawa suna daraja fentin asali, har da ledar da ɗan kwalin da aka maƙala a bakinta, saboda haka a cire ƙusar sitefula a hankali a adana shi. Rufaffen kwali kuwa a shige shi da lissafi: a jerin kamfanin Pop Mart mai guda 12, ɓoyayyen dodon da ke da wuyar samu yakan fito sau ɗaya a cikin kwali 144. Wanda yake son guda ɗaya takamaimai gara ya saye shi a buɗe, ko da ya ɗan fi tsada. Jabu ya cika kasuwa, musamman na Companion na mai zane KAWS da Labubu na mai zane Kasing Lung. Labubu na gaske haƙoransa tara ne, ƙirga su. Duba tambarin da ke tafin ƙafa ko ya fito tsaf, duba gefen fenti ko ya zarce layi, ka shinshina. Warin sinadari mai hawa kai da farashin da ya yi arha fiye da kima duk abin tsayawa ne. Batun ajiye surori a ɗaki kuma, kowa ya san tsarin gidansu da abin da malamansa suka karantar da shi. A warware wannan tun kafin a kashe kuɗi.

Saura ajiya, inda yanayinmu yake da nasa hukuncin. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Yamai zafi yana haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi haka. Roba mai laushi tana sakin jiki a irin wannan zafi, dodo mai babban kai ya fara sunkuyawa. Kada a bar shi cikin mota ko kusa da taga. Rana tana mayar da fari rawaya, ta kashe ja da ruwan hoda, kuma wannan ba ya dawowa. Na kulle wasu cikin kwalayensu don kariya, da na buɗe bayan dogon lokaci sai na tarar sun yi danƙo, saboda man laushin da ya taso bai sami hanyar fita ba ya kwanta musu a jiki. Kabad mai gilashi wanda ake buɗewa lokaci-lokaci ya fi. Kada dodon ya jingina da farin soson kwali ko robar leda mai tauri irin ta gidan faifan CD, man laushi yana narkar da su su manne masa. Jarida da baƙin ƙyalle kuma suna ba shi launinsu. Ƙurar hunturu da burushin hoda mai taushi ake kaɗe ta, tsumma yana gurza ta ne cikin banish.

Wanda ya riga ya yi danƙo, in fentin masana'anta ne a jikinsa, jiƙa shi cikin ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke na wasu awanni, a wanke a hankali, a shanya a inuwa. Wanda ya sunkuya kuma, tsoma ƙafafunsa cikin ruwan zafin nan na digiri 60 zuwa 70 na minti ɗaya ko biyu, ka tsayar da shi a kan tebur mai shafe, ka riƙe shi a miƙe yadda kake so, sannan ka tsoma cikin ruwan sanyi kana riƙe da shi har ya ƙame.